Ranar da Iska Ta Kwashe Rufin Don Teyo

A garinmu Natales, can ƙarshen kudancin duniya, abu biyu ba sa ƙarewa: iska, da mutanen da suka fi kowa sanin iska. Duk namijin da ka tare a bakin tasha zai rantse maka iska ba ta taɓa cire masa hula ba, alhali yana maganar hannunsa na dafe da kansa. Haka muke gaba ɗayanmu, har da mai ba ku labarin nan. Amma in aka zo fagen cika baki, sai mu ja da baya mu ba Don Eleuterio Barría wuri, wanda kowa ke kira Don Teyo.

Rabon burodi ne aikinsa tun yana saurayi, kuma da ya ajiye aiki sai mai gidan burodin ya bar masa tsohuwar motar rabon, don babu mai sayenta. Ta daɗe a ƙofar gida tana tsatsa, har ranar da ya ci karo da wasu Turawa matasa a bakin ruwa, sun mayar da motarsu ɗaki: ga gado, ga tukunya, ga labule, har da kyanwa a kan taga. Suka nuna masa hotonsu a waya. Ƙofofin bayan motar a buɗe, ƙafafunsu a miƙe kan katifa, kyanwa a tsakiya, can gaba kuma duwatsun gandun dajinmu da ƙanƙara a kansu. Suka ce duniya duk ta yaba.

A ranar nan Don Teyo bai ci abincin rana da daɗi ba. Ya wuce wajen Nibaldo, maƙwabcinsa kuma kompadrensa, wato uban baftismar 'yarsa, ya same shi yana zuƙar shayin mate.

"Kompadre, ka ji wai wannan ake yabawa? Yaran da suka zo jiya? Ni da aka yanke mini cibiya a cikin iskar nan ina zaune?"

"Zaman ya fi maka," in ji Nibaldo.

Bai zauna ba. Ya yanke rufin motar don ya riƙa miƙewa tsaye a ciki, ya kafa katako, ya ɗora kwanon rufi na tsohon kejin kaji. Ya shimfiɗa katifa, ya rataya labulen kicin da tukunya. Nibaldo ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa kwanon da yatsa.

"Da me ka ɗaure wannan?"

"Da ƙusa, da waya, da basira."

"Biyun farko dai na gani."

Kyanwa ce ta rage, kuma akwai ta a gida, sai dai ba tasa ba ce. Wani ƙaton muzuru ne mai suna Almirante, wanda matarsa Doña Herminia ta tsinta a tashar jiragen ruwa tun idonsa bai buɗe ba, ta raine shi da cokali. Tun da 'yarsu ta yi aure ta koma birnin Punta Arenas, da shi Herminia ke hira, da shi take faɗa, shi take gaya wa abin da ba ta gaya wa miji. Muzurun bai taɓa sa ƙafa waje ba. Don Teyo ya san ba zai samu aronsa ba, saboda haka bai ma tambaya ba, ya jira kawai.

Da 'yar ta haihu, Herminia ta haɗa jaka za ta je ta kwana biyu. A bakin ƙofa ta juyo.

"Tsoho, kada ka bar shi ya leƙa ko bakin ƙofa. In wani abu ya same shi, ba sai ka zo tarye ni a tasha ba."

"Haba tsohuwa, ni za ki gaya wa riƙon amana?"

Motar da ta hau ba ta gama fita daga gari ba ya cusa Almirante a kwandon burodi ya rufe da tsumma. Nibaldo ya ce zai raka shi, ba don yana son yawo ba, sai don yana son ya ga ƙarshen abin da idonsa. Maƙwabta suka fito suna kallo. Wata tsohuwa ta tambaya ko kaji zai kai kasuwa, Don Teyo ya yi kamar bai ji ba, ya danna ƙaho ya ja mota.

A ƙofar gandun wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga, ta gaishe su da ladabi, ta dubi kwandon da ke kan cinyar Nibaldo.

"Baba, me ke ciki?"

"Burodi, 'yata."

Almirante ya saki wani dogon kuka mai ban tausayi.

"Burodin naku kuka yake yi."

"Yanzu ya fito daga tanda," in ji Don Teyo.

Ta ɗaga tsumman, suka haɗa ido da muzurun. Ta ce ai ya sani, ba a shiga gandu da kare ko kyanwa, saboda namun daji. Don Teyo ya ce dama ba shi da niyyar shiga, gaisuwa kawai ya tsaya yi, kuma duk wanda ya san wurin ya san duwatsun sun fi kyau daga waje. Ya juya mota, motar ta mutu, sai da ma'aikaciyar da Nibaldo suka tura.

Dab da gandun akwai wata gonar tumaki, can suka nufa. Shugaban makiyayan, Don Arcadio, dogon mutum ne marar yawan magana. Ya ce su hau tudun da ke kallon tafki su kwana, ba komai.

"Sai dai a kula da ƙofofin shinge. Tun shekaranjiya muke fama, yau da safe muka gama raba tumakin, iyaye da 'ya'ya. Wadda kuka buɗe ku rufe."

Ran Don Teyo ya sosu. A ƙasarmu gaya wa babba ya rufe ƙofar shinge kamar gaya masa ya sa wando ne kafin ya fita.

"Don Arcadio, kakana ya tsufa yana kiwo a tsibirin Chiloé. Ni in na wuce ƙofa, ko ban taɓa ta ba rufe kanta take yi."

Suka hau tudu. Wurin kam ya yi kyau, ba ƙarya: tafki shuɗi, duwatsu sun tokare sama, kuma abin mamaki, ko ganye ba ya motsi. Don Teyo ya juya motar ya ba duwatsu baya, yadda in ya buɗe ƙofofin baya za su fito a hoto. To, iskarmu daga wajen duwatsun nan take zuwa, kuma ko yaron goye a Natales ya san hancin mota ake ba ta, sannan ƙofa ɗaya ake buɗewa, a riƙe ta da hannu biyu.

"Kompadre, ka ba iska baya," in ji Nibaldo.

"Wannan dokar don baƙi aka yi ta. Dubi ciyawa, ko motsi. Ta san na zo."

"Ta san ka zo, shi ya sa ta tafi kiran 'yan'uwanta."

Don Teyo ya wangale ƙofofin biyu, ya tokare su da sanduna. Ya fito da Almirante ya zaunar da shi tsakiyar katifa, ya ɗora masa wata 'yar hular makiyaya da ya yanka daga tsohuwar safa. Ya kwanta ya miƙe ƙafafu ya ɗaga waya. Muzurun ya juya wa duwatsu baya. Ya gyara shi, ya sake juyawa. Ya lallashe shi, ya zage shi, ya kira shi ranka ya daɗe.

Nibaldo ne ya hango ta. Can ƙarshen tafkin ruwa ya yi fari ya tashi sama, yana tahowa. Bai ɓata lokaci ba, ya cusa ƙoƙon shayinsa a cikin riga, ya kwanta rub da ciki ya damƙi ciyawa da hannu biyu.

"Ga ta nan fa."

"Saura hoto ɗaya."

Iskar ta shiga motar ta baya ta cika ta kamar buhu, ta nemi hanyar fita ta rasa, sai ta yi sama. Ƙusa ta fita, waya ta tsinke, basira kuwa ba a ma ji ɗuriyarta ba. Rufin ya ɗaga baki kamar zai yi magana, sannan ya tashi gaba ɗaya, labule na biye da shi, da tukunya, da wandon canji. Don Teyo ya tsinci kansa kwance yana kallon sararin sama. Kafin ya tashi zaune sai ya ji ƙasa na tafiya. Birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa, a gari da bakin kwata yake tokare ta. Iska ta tura ta gangare, tana tafe a hankali abinta, shi kuma yana bayanta a kan katifa yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, har ta kafa hanci a taɓon wani rafi ta tsaya.

Ya fito da rarrafe. Ya duba katifa, ya duba ƙarƙashin kujera, ya duba kwando. Babu Almirante.

Can nesa ya hango rufin yana tuntsurawa a fili, labule na kaɗawa a jikinsa, da wani abu mai duhu maƙale a labulen. Ya kwasa da gudu irin wanda bai yi ba tun yana makaranta. Ya isa ƙofar shinge ta farko ya banka ta ya wuce. Ya isa ta biyu ya banka ta ya wuce. A na uku bai ga ƙofa ba, ya haura waya, wayar ta riƙe rabin wandonsa ta ba shi sauran. Da ya cim ma rufin ya janye labulen, abin da ke maƙale tukunya ce.

A lokacin ne ya ji kuka a bayansa. Tumakin da aka raba da 'ya'yansu tun safe suke kiran juna ta tsallaken shinge, yanzu ga hanya a buɗe. Iyaye suka kwararo daga nan, 'ya'ya suka kwararo daga can, suka haɗe a tsakiya, fili ya zama fari fat. Karnuka suka rikice suna haushin juna. Makiyaya suka fito a kan dawakai suna zagin da ba zan maimaita ba. A kan titi kuma wata doguwar motar masu yawon buɗe ido ta tsaya, suka sauko da na'urorin hoto, sun ɗauka wasan gargajiya ake yi.

Don Arcadio ya iso ya tsaya a kansa, bai sauko daga doki ba.

"Don Teyo, ƙofofin ba su rufe kansu ba."

Ga makiyaya, ga baƙi, ga Nibaldo ya ƙaraso yana kakkaɓe ciyawa daga gashin baki. Mutum mai hankali haƙuri zai bayar. Don Teyo ya dubi wandonsa da ya yage, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Puma ce," ya ce. "Damisar dutse. Ta faɗo mini cikin mota ta sure muzuru. Ita nake bi."

Jagoran baƙin ya fassara musu, suka yi caa suka kewaye shi. Ganin an buɗe baki ana saurare, sai labarin ya fara ƙiba. Puma ta kai girman ɗan maraƙi, can ta kai girman uwar. Ya kama ta a wutsiya, ta juyo ta kai masa yakushi, ga shaida a wando. Rufin ma ita ta ɓalle shi da ta yi tsalle. Wata Baturiya ta nemi ya tsaya su yi hoto, ya tsaya ya ɗaga ƙirji, yana riƙe yagaggen wurin da hannu ɗaya.

"Pumar ce ta buɗe ƙofofin?" in ji Don Arcadio.

"Ita tsallakewa ta yi. Ni na buɗe."

"Nibaldo, kai ka gan ta?"

"Ni fuskata na cikin ciyawa, Don Arcadio. Amma na ji abu ya wuce da ƙarfi, ina jin da labule a jikinta."

Duk da haka aka taya shi nema, don mutanenmu ko suna fushi da kai ba sa barin ka da asara. Aka bi rafi, aka bi ƙayoyi, har baƙin suka bazu suna kiran Almirante da irin nasu lafazin. Rana ta karkata. Wani makiyayi ya dawo da 'yar hular safar nan, ya ce a jikin waya ya same ta.

Don Teyo ya karɓe ta, ya jujjuya ta a hannu. Pumar da ya ƙirƙira ƙarya ce, amma akwai ta gaske a duwatsun nan, akwai dila, akwai gaggafa, kuma muzurun da bai taɓa ganin ko ɓera ba ya bari a tsakiyarsu. Ya tuna yadda Herminia ke tashi da asuba ta ɗumama masa madara. Tsoro ya kama shi, ba na faɗanta ba, na yadda gidan zai yi mata shiru. Ya san kuma in bai gaya mata da bakinsa ba, kafin magariba wani zai riga shi.

A gonar duka wuri ɗaya wayar hannu ke kamawa, kan wani dutse kusa da rumfar askin tumaki. Ya hau, jama'a suka biyo shi suka tsaya a ƙasa. Saboda iska dole ya saki muryar wayar kowa na ji.

"Tsoho? Lafiya?"

"Tsohuwa, ki zauna tukuna."

"A zaune nake."

Ya dubi idanun da ke kallonsa, ya ga ba damar janyewa, sai ya sake ɗauko puma. Ya ce iska kawai ya fito da Almirante ya sha. Ya ce dabbar ta zo ba zato, ya yi kokawa da ita, ya bi ta shinge uku. Amma da ya zo kan 'yar hular sai muryarsa ta karye. Ya ce muzurun ya tafi, ya ce laifinsa ne, ya fashe da kuka, kuka sosai har da majina, a gaban makiyaya da baƙi da karnuka.

Herminia ta bar shi ya gama tsaf.

"Pumar nan, da ita da rufin motarka, wa ya riga wani wucewa ta tagar kicin?"

"Wane kicin?" in ji Don Teyo.

"Ka manta wa ke dafa wa makiyayan gonar nan abinci? Ubaldina ce, 'yar kawuna, wadda ke zuwa gidanmu duk Kirsimeti. Tana wanke-wanke ta ga kwano ya wuce a sama, jim kaɗan ta ga Almirante ya shigo da ƙafarsa ya shige ƙarƙashin murhu. Ta kira ni ta wayar gidan tun azahar. Ya ci naman rago, yana barci."

Aka juya gaba ɗaya. Ga Doña Ubaldina a ƙofar kicin tana goge hannu, ta ɗaga masa hannu cikin fara'a.

"To me ya hana ta gaya mini?"

"Ni na ce ta bar ka ka nema tukuna."

Makiyaya suka fara, jagoran ya fassara, baƙi suka ɗauka. Wani makiyayi sai da ya sauko daga doki don kada dariya ta kayar da shi. Baturiyar nan ta dubi hoton da suka yi, ta dube shi, ta sake ɗaukar wani. Ko Don Arcadio sai da gashin bakinsa ya motsa.

"Kompadre Nibaldo na nan?" in ji Herminia.

"Ina nan, komadre."

"Kai za ka kawo shi gida, a gaban motar da ke kwasar ulun gonar, a kan cinyarka. Kada ka bar wancan ya taɓa shi."

"Ni fa?" in ji Don Teyo.

"Kai kana da aiki. Ka haɗa tumakin mutane, ka tsaya ka raba su."

Iska na kaɗa abin da ya rage na wandonsa. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Teyo. Kukan nan, na gaske ne, ko shi ma na pumar ne?"

"Na gaske ne, Herminia. Na ɗauka na raba ki da shi."

"To. Shi kaɗai na karɓa a duk abin da ka faɗa. Ka zo ka tarye ni a tasha, amma da ƙafa."

Ya sauko daga dutsen yana share fuska da 'yar hular. Don Arcadio ya miƙa masa sanda, ya ce su yi sauri tun da sauran rana, don bayan an raba su sai an tsaga kunnen 'yan tumakin an yi musu shaidar gona, kowa ya san mai su.

Don Teyo ya karɓi sandar, ya dubi farin tekun tumakin da ke jiransa, ya ja numfashi.

"In kun gama da su, Don Arcadio, ku tsaga nawa kunnen ku sa shaidar Herminia. In aka sake ganina a daji, a kora ni gida."